Amsa ga Yaya mai tambaya kan gem ɗin dodannin nan masu rushe gari

Wa alaikumus salam Yaya. Na ga tambayarki, kin ce yaronki ɗan shekara 11 kullum sai ya dawo da labarin wani gem da yake bugawa a gidan gem na bakin kasuwarku, wai shi ne ƙaton biri yana tuge benaye yana jifa da motoci, har kin kama shi yana gurnani a tsakar gida yana tattake ɗakunan ƙasar da ƙannensa suka gina, ke kuma ba halin ki shiga wajen ki gani da idonki tunda duk maza ne. Kina so ki san wane irin abu ne, kuma ko zai mayar miki da yaro mugu.

To ni sana'ata kenan. Shekara 12 ina riƙe da shagon cajin waya da gem a wani ƙauye kan hanyar Ringim zuwa Gujungu, injinan gem da ake jonawa da tibi, PS2 huɗu gareni da PS3 ɗaya, in sun lalace ni nake kwance su in gyara, kuma yaran da suka fara zuwa wajena da wandon makaranta yanzu wasunsu har sun yi aure. Tunda ba zaki iya shiga ba bari ni in shigar dake, in faɗa miki abinda ke kan tibin da abinda ke cikin ɗakin, don abu biyu ne daban kuma na biyun ne ya fi damuna.

Daga yadda kika kwatanta, ɗayan biyu ne. Duk a PS2 suke, duk akwai biri da ƙaton ƙadangare a ciki shi yasa iyaye ke haɗa su. Ki tambaye shi: da wani dodon kake faɗa, ko bene kake hawa kana naushi? In ya ce bene yake hawa yana fasa tagogi yana zaro abinci, to Rampage ne. In ya ce shi da abokinsa suke dambe a tsakiyar gari, to War of the Monsters ne, wanda yaran shagona ke cewa gem ɗin dodanni kawai.

Rampage tsoho ne sosai, ya girmi yawancin masu buga shi har da ni. Kamfanin Bally Midway na Amurka ne ya fitar dashi a 1986, lokacin ma ba a gida ake bugawa ba, wani akwati ne mai tsayin mutum da ake jefa masa kwabbai. Dodanni uku ne a ciki, George gwaggon biri, Lizzie ƙadangaruwa, sai Ralph kyarkeci, kuma a labarin duk mutane ne da wani abu ya juyar dasu. Mutum uku suna iya bugawa lokaci guda. Aikin ɗaya ne, ka hau bene ka yi ta naushi har ya tsattsage ya zube, sojoji suna harbinka ta taga, jirgi mai saukar ungulu yana zagayarka, in ka gama da benayen garin a wuce dakai gari na gaba. In jininka ya ƙare sai dodon ya motse ya koma ɗan ƙaramin mutum ba kaya a jikinsa, ya rufe jiki da hannu ya sulale gefe. Wanda ke yawo a gidajen gem ɗinmu shi ne na 2006, Rampage: Total Destruction, shi dodanninsa 30 ne a PS2 kuma garuruwan gaske aka sa, Las Vegas, Landan, Chicago, Hong Kong, New York. A labarinsa wani lemon kwalba ne kamfani ya ba mutane su ɗanɗana suka rikiɗe.

Ba zan ɓoye miki ba, a Rampage dodon yana cin mutane. Yana miƙa hannu cikin taga ya zaro ɗan mutum ya jefa baki, jininsa ya ƙaru. Amma zane ne irin na katun, mutumin bai fi ɗan yatsa ba a kan tibi, kuma in ya haɗiyi abinda bai dace ba sai ki ga ya yi amai yaran su fashe da dariya. Na faɗa ne don kar wata rana ki ji a bakin wani ki ce na rufe ki.

War of the Monsters kuma shi ne wanda ni kaina nake so, kuma shi zan daɗe a kai don ina zargin shi yaronki ke bugawa, tunda kin ambaci jifa da motoci. Sony ne suka fitar dashi a 2003, wani kamfani Incognito ya haɗa musu. Labarin wai wasu halittu ne suka zo daga sama da jirage masu kama da faifai suka kawo wa duniya hari, aka kakkaɓo jiragen, sai wani koren ruwa mai guba ya tsiyayo daga cikinsu, duk abinda ya taɓa sai ya zama ƙato. Dodanni 10 ne. Birin sunansa Congar. Akwai Togera mai kama da ƙaton damo da ƙayoyi a baya, akwai Magmo na narkakken dutse mai hannu huɗu, akwai Agamo na dutse, akwai Kineticlops wanda ido ɗaya ne tal a cikin wutar lantarki, akwai mutum-mutumin ƙarfe guda biyu Ultra-V da Robo-47. Sai wata Preytor, ƙwaron nan ne ƙoƙi-ƙoƙi mai hannu kamar lauje, tana tashi sama. Ba wanda ya koya wa yaran shagona, ranar farko da suka ganta suka ce ga Ƙoƙi matar Gizo, har yau kuma sunanta kenan a wajenmu, wanda ya iya ta sai ki ji ana cewa ai wane mijin Ƙoƙi ne.

Yanzu ga yadda ake bugawa, don ki gane ba haukan danne-danne ba ne kawai. A saman tibi kowane dodo yana da layi biyu. Ɗaya na jini, in ya ƙare an cinye ka. Ɗayan na ƙarfi, shi kuma yana raguwa duk sanda ka yi harbi daga nesa ko ka ɗaga abokin faɗanka sama, in ka bari ya ƙare ƙaf sai dodonka ya tsaya yana haki ba ya iya komai na ɗan lokaci, a nan ake gamawa da mutum. A cikin garin an warwatsa wasu abubuwa masu ƙyalli, kore yana mayar da jini, shuɗi yana mayar da ƙarfi. Komai na garin makami ne, mota ka ɗauka ka jefa, tankar mai ka jefa ta fashe, rodin gini ka yi kulki dashi, eriyar saman bene ka tuge ta ka cilla kamar mashi, in ta soki ɗayan sai ya tsaya yana kiciniyar zare ta kai kuma ka iso. Bene kuma in ya faɗo kan dodo an gama.

Sabon yaro in ya zo, abinda yake yi shi ne ya ruga tsakiyar fili yana danna komai, minti ɗaya an kwantar dashi. Bayan sati biyu sai ki ga ya canza. Akwai wani ɗan yaro a wajena, bai fi naki ba, ƙarami ne har ƙafarsa bata taɓa ƙasa in ya zauna a benci, in ya riƙe hannun gem ɗin sai ya ɗan turo harshe gefen baki. Shi Ƙoƙi yake ɗauka kullum duk da bata da jini da yawa. Manya suna ɗaukar Congar su bi shi, shi kuma ba zai tsaya ba, zai haye saman bene mafi tsawo ya zauna yana kallo, ya bar babban ya yi ta harbi har layin ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, ya riga ya haddace lungun da koren nan yake fitowa sai ya je ya cinye shi tun kafin ya buƙata don kar ɗayan ya samu, sannan ya sauko da eriya a hannu. Na ga ya cinye saurayi mai gemu sau biyar a jere, saurayin ya ajiye hannu ya ce wallahi yaron nan da aljanu yake bugawa. Ba aljanu, lissafi ne da haƙuri, irin wanda ake yi a dara, ka bar mutum ya ɓarar da 'ya'yansa sannan ka ci. Wannan shi nake gani kullum a kan bencina.

Kuma in mutum biyu suna bugawa tibin rabewa yake biyu kowa da ɓangarensa, sai dodannin sun matso kusa ya haɗe ya zama ɗaya. Lokacin da ya haɗe ɗin nan ɗakin gaba ɗaya sai ya ɗau ihu. Na fi shekara goma ina jin ihun nan ban gaji dashi ba.

Shi wannan abu na ƙaton dodo ya shigo gari ba masu gem suka ƙirƙiro shi ba. A 1933 Amurkawa suka yi fim ɗin King Kong, ƙaton biri ya hau benen Empire State a New York, daga nan George da Congar suka samo asali. Ƙadangaren kuma daga Japan yake, kuma nasa labarin ba na dariya ba ne. Kin san an jefa musu bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. To ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta sake gwada wani babban bam a tsibirin Bikini cikin tekun Pasifik, tokarsa ta zubo kan wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, duk suka kamu da ciwo, ɗaya ya rasu bayan wata shida, mutane suka ji tsoron cin kifi. Masunta ne kamar namu na bakin kogin Haɗeja, sun fita neman abinci. A watan Nuwamban shekarar kamfanin Toho ya fitar da fim ɗin Godzilla wanda Ishiro Honda ya bada umarni, dodon da gwajin bam ya taso dashi daga ƙarƙashin teku ya zo ya ƙone Tokyo. Mutanen da suka ga garinsu ya zama toka da idonsu su ne suka zauna suka yi wa tsoronsu siffa. Su suna kiran irin waɗannan dodannin kaiju. Shi ma Godzillan yana da nasa gem a PS2, Save the Earth na 2004 da Unleashed na 2007, sai dai yarana basu cika son su ba, sun ce dodannin suna da nauyin jiki.

Mu ma ai muna da namu. Wace tatsuniya ce kakarmu bata sa Dodo a ciki ba? Dodon da ke haɗiye mutanen gari da shanunsu sai an farke cikinsa su fito, Dodon da ke tsare rafi. Ga macijin rijiyar Kusugu a Daura da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajida ya zo. Da dare ake bamu waɗannan muna ƙudundune jikin zanin tsohuwa, da safe kuma mu fita wani ya ce ni ne Dodo ya bi sauran da gudu. Bambancin kawai shi ne yaronki an bashi dama ya zama Dodon na minti goma. Ki duba rayuwar ɗan shekara 11 a ƙauye, kowa ya girme shi, kowa aikensa yake, je ka ɗebo ruwa, je ka kai niƙa, kora awaki, in ya yi magana a ce rufe mana baki. Sai ga wani waje da shi ne ya fi kowa girma, tankar yaƙi bata kai gwiwarsa ba. Benen da ya fi tsawo da ya taɓa gani watakila sai ranar da aka kai shi Kano, ga shi yau yana hawa wanda ya ninka shi. Daɗin da yake ji kenan, ba daɗin mutuwar kowa ba.

Game da ko yana mayar da yaro mugu. Masana sun daɗe suna bincike kan wannan, a 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan adam ta Amurka, APA, ta fitar da matsaya cewa babu isasshiyar hujjar da ke nuna gem mai faɗa yana sa mutum ya aikata ta'asa ta gaske, amma sun ce akwai 'yar alaƙa ƙarama da abubuwa irin su ɗaga murya da ture-ture. Wannan ya yi daidai da abinda nake gani. Yaro in ya tashi daga gem jininsa a sama yake na ɗan lokaci, kamar wanda ya dawo daga langa ko kallon dambe. Tattake ɗakunan ƙannensa da ya yi laifi ne, ki sa shi ya kwaɓa ƙasa ya sake gina musu da hannunsa, amma mu ma mun rushe na ƙannenmu tun ba a san gem ba a garin nan. In dai ba kin ga ya fara azabtar da dabbobi ba, ko dukan yara da mugunta ba wasa ba, ko ya daina jin tausayi in wani ya ji ciwo, to ba a nan gizo ke saƙar ba.

Sai dai akwai yaron da ban yarda a sa masa wannan gem ɗin ba, kuma sai da na yi kuskure na gane. A damunar 2022 da ruwa ya ci garuruwan Jigawa, su Ringim, Auyo, Miga, Kafin Hausa har Haɗeja, mutane da yawa sun taso sun zauna a makarantar firamaren garinmu. Yaransu suna zuwa ƙofar shagona suna leƙe, ni kuma tausayi ya sa na ce su shigo su buga kyauta. A War of the Monsters akwai wani gari da ake kira Tsunopolis, a bakin teku yake, ana iya tayar da igiyar ruwa ta taso ta share titunan. Yarana suna son wajen sosai. Na miƙa wa wani yaro hannu, yana ta dariya yana jifa da motoci, sai abokin bugunsa ya tayar da ruwan. Yaron nan ya daskare. Bai yi kuka ba, ya ajiye hannun a hankali a kan benci kamar ƙwai, ya fita ya tsuguna jikin katanga ya sa kai cikin gwiwa. Daga baya na ji ashe da daddare ɗakinsu ya zauna, a kafaɗa aka fito dashi ruwa har ƙirjin babansa. Wallahi ranar ban iya cin tuwon dare ba. Tun daga nan in baƙon yaro ya zo sai na tambayi daga ina yake. To ke kika san ɗanki, in ya taɓa ganin rushewar gida ko gobara ko wani tashin hankali, ko kin ga yana firgita cikin barci tunda ya fara, ki janye shi, ba don gem ɗin mugu ba ne sai don ya taɓa masa miki.

Yanzu bari in zo kan ɗakin, wanda na ce miki ya fi damuna.

Na farko, abinda ke kan tibin kusa da nasa. Yanzu ba faifai muke sawa ba, gem ɗin duk a ma'ajiyar filashi ko hard disk suke, guda talatin ko fiye a waje ɗaya, yaro yana iya fita daga na dodanni ya shiga wani da danna biyu. Turawan da suka yi su suna sa musu alamar shekaru, na Amurka harafi ne, E na kowa, E10+ daga shekara 10, T daga 13, M daga 17, na Turai kuma lamba ce 3, 7, 12, 16, 18. Rampage: Total Destruction E10+ ne, War of the Monsters T ne, kinga ma a lissafinsu yaronki ya ɗan gaza masa da shekara biyu, ni dai a ganina ɗan 11 mai hankali zai iya amma gara ki sani. Wanda nake tsoro shi ne GTA San Andreas na 2004, wanda babu gidan gem ɗin da babu shi. M ne. A cikinsa kai mutum ne kamar kowa, kana fizge motar mutane, kana harbin wanda ka ga dama a titi, ga zagi ga matan banza. Dodo kowane yaro ya san ƙarya ne, babu biri mai tsawon bene. Amma saurayi mai bindiga a kan babur ba ƙarya ba ne a ƙasar nan. Ni a shagona na ware shi a inji ɗaya na can ciki kuma yaro baya zama wajen. Tunda babu kwalin faifai balle a ga alamar, dole sai an tambayi mai shagon baki da baki.

Na biyu kuɗi. A wajenmu ƙa'idar ita ce wanda aka ci shi ke biya, kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ƙara kuɗin bugu don janareta ba ruwa yake sha ba. Yaron da ake cinyewa kullum shi ke biya kullum, zuciya kuma bata barinsa ya tashi. Na taɓa lura da wani yaro da kullum yake zuwa da kuɗi fiye da ƙarfin gidansu, na bi diddigi ashe gero yake ɗiba a rumbu da kaɗan kaɗan yana kai wa masu awo. Na je na samu kawunsa muka yi magana a soro ba tare da an tara masa jama'a ba, na mayar da abinda na iya tunawa ya kashe a wajena, aka hana shi zuwa wata biyu. Ki san nawa kike bashi kuma ki san nawa ake bugu a wajen, in lissafin bai haɗu ba to akwai magana. Sannan ki tambaya ko ana sa kuɗi a gem ɗin ƙwallo a shagon, don a nan caca take shigowa, samari su ajiye kuɗi a hannun wani su buga PES, yara suna tsaye suna koyo. Duk shagon da ake wannan ki raba ɗanki dashi ko da gem ɗin Gizo da Ƙoƙi ake bugawa.

Na uku lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince da sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, kuma alamomin da suka faɗa su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem kan komai na rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake masa, kuma abin ya ɗauki kamar shekara guda a haka. Ba yaron da ya buga awa ɗaya ranar Alhamis ake nufi ba. Ke abinda zaki duba mai sauƙi ne, yana zuwa makarantar boko da ta allo? Haddarsa tana tafiya ko ta tsaya? In an kira sallah yana tashi? Ranar aikin gona ana nemansa a rasa? Ni dokar shagona ba a shiga da kayan makaranta, in aka yi kiran sallah ina kashe injin ko ana tsakiyar faɗa, bayan isha'i kuma yaro baya kwana min a benci. Da farko sun yi ta ƙorafi wasu suka koma wani shagon, daga baya iyayen da kansu suka riƙa turo min su.

Akwai kuma hayaƙin janareta, wannan kar ki raina shi. In mai shago ya sa injin a cikin ɗaki ko bakin ƙofa saboda tsoron ɓarayi, ga labule an rufe don hasken rana, yara goma sha a ciki, hayaƙin nan yana kisa kuma mugun cikinsa ba a jin warinsa. In yaronki yana dawowa da ciwon kai ko jiri, kafin ki ce tibi ne ki sa a duba inda injin yake.

To tunda ke ba zaki shiga ba, ki samu kawunsa ko babban wansa ya bi shi rana ɗaya, ba da bulala ba, ya zauna ya ce koya min. Gani ya kori ji. A zama ɗaya zai ga su wa ke zama a wajen, me ake kallo a wayoyi a lungun ɗakin, ana shan sigari ko a'a, mai shagon mutumin kirki ne ko kuɗi kawai yake karɓa. Kuma yaro in ya ga babba ya riƙe hannu yana tambayarsa wanne zan danna, bakinsa buɗewa yake, abinda bai taɓa faɗa a gida ba sai ya faɗa.

In kuma da hali kina so ki dawo dashi gida gaba ɗaya, PS2 ta hannu bata da wahalar samu a Kano, a Sabon Gari ko wajen masu kayan lantarki na titin Beirut, tunda a shekarar 2000 aka fara yinta kuma an sayar da sama da miliyan 150 a duniya. A nemi siririyar, a gwada ta a wajen kafin a biya, a duba hannayen biyu musamman sandunan nan na babban yatsa don su ke fara mutuwa. Ita da ƙaramar tibi basa cin wuta sosai, sola mai ɗan ƙarfi da batir tana ɗaukarsu. Amfanin wannan shi ne ke zaki ce wa mai lodawa ga abinda za a sa ga wanda ba za a sa ba, ki ce dodanni da ƙwallo da tseren mota, banda GTA. Ƙura ce babbar abokiyar gabarta a ƙauye, a riƙa rufe ta da ƙyalle in an gama, kar kuma a ajiye ta kan katifa tana aiki don zafi zai kashe ta.

Ta waya kuma, wancan tsohon Rampage na 1986 yana cikin wani tarin gem na PSP, ƙaramin injin gem da ake riƙewa a hannu, mai suna Midway Arcade Treasures: Extended Play, kuma manhajar PPSSPP da samari ke buga ƙwallo da ita tana buɗe shi ko a ƙaramar waya. War of the Monsters sai da manhajar PS2 irin AetherSX2, ita kuma sai waya mai ƙarfi, a ƙananan wayoyinmu sai ta yi ta sarƙewa tana zafi. Waɗanda ke Play Store kyauta masu hoton biri ko ƙadangare suna da yawa, wasu ba laifi, amma talla ce ke biyansu kuma tallar bata san ɗan shekara 11 ke riƙe da wayar ba, ta caca tana fitowa, ta 'yan mata tana fitowa. In zaki bashi wayarki ki kashe data tukunna, yawancinsu suna yi ba intanet. Akwai wani sabo mai kyau GigaBash da wasu 'yan Malesiya suka yi a 2022, mutum huɗu ke bugawa lokaci guda, amma shi a injina irin su PS4 ko kwamfuta ake bugawa, sau ɗaya na buga shi a Kano wajen wani abokin sana'a na dawo ina ta ba yarana labari.

Yau da daddare in an gama cin tuwo ki tambaye shi wane dodo yake ɗauka kuma me yasa. In ya ce Congar to mai son gaba da gaba ne, ki tambaye shi ya yake yi in ƙarfinsa ya ƙare. In ya ce Ƙoƙi ki ce ya nuna miki yadda take tashi. Daga nan sai ki zarce da su wa kuke bugawa, wa ke biya, me manyan ke bugawa a ɗaya tibin. Abinda ya faɗa miki ki dawo ki gaya min, musamman sunayen sauran gem ɗin da ke injin ko da a karkace ya faɗe su zan gane, sai in ware miki wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. A gaida yaran, Allah ya raya mana su.